John Tanton, likitan idon da ya ɗaure rigimar baƙi da ta harshe da igiya ɗaya

"Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Damagaram. A watan Maris na 2025 na ji a rediyo cewa Trump ya mai da Ingilishi harshen hukuma a Amurka, a cikin watan da mu ma aka ce Hausa ta zama harshen ƙasa a nan Nijar. Abin ya ɗaure mini kai. Ashe da can Ingilishi ba shi ne harshen hukumarsu ba? Wani malaminmu ya ce wai wani likitan ido ne ya dasa wannan fafutuka, kuma shi ne uban masu neman a tsuke wa baƙi ƙofa. Wane ne mutumin nan? Mai kishin ƙasarsa ne ko mai ƙin baƙar fata? Tunda kai tafinta ne a can, ka fayyace mana."

Ƙanena, barka kadai. Malaminku bai yi shaci-faɗi ba. Sunan mutumin John Tanton, kuma ya rasu tun watan Yulin 2019, kusan shekara 6 kafin a sa hannu a takardar da ka ji labarinta. Tambayarka uku ce a dunƙule: wane ne shi, me ya haɗa hana baƙi shiga da maganar harshe, sannan a wane ma'auni za a ɗora shi. Ka san matsayina tun daga farko. Ni ba lauya ba ne, ban kuma taɓa zama da mutumin ba. Aikina tafintanci ne a asibitoci da ofisoshin hukuma, daga Hausa zuwa Ingilishi da dawowa, kuma duk dokar da ta taɓa harshe a ƙasar nan a kan teburina take fara sauka. Wannan ne ya sa na bi tarihinsa, har da wasiƙunsa da 'yan jarida suka fito da su.

Batun harshen hukuma ba shi da tsawo. Tsarin mulkin Amurka bai ambaci wani harshe ba, kuma har yau majalisar tarayya ba ta yi dokar da ta ce Ingilishi ne harshen ƙasa ba. Da shi ake komai, amma bisa al'ada. Abin da Trump ya sa wa hannu ranar 1 ga Maris 2025 umarnin shugaban ƙasa ne, wanda wani shugaban zai iya sokewa da alƙalami ɗaya. Jihohi kuwa, fiye da 30 daga cikin 50 sun riga sun rubuta Ingilishi a dokokinsu, kuma da yawansu sun yi hakan ne daga shekarun 1980, lokacin da Tanton ya shiga fagen.

Daga gona zuwa lissafin mutane

An haife shi a Detroit a 1934. Mahaifinsa ma baƙo ne, daga Kanada ya shigo. A 1945 iyalin suka koma gonar dangin mahaifiyarsa a karkarar jihar Mishigan, a nan ya tashi yana noma. Ya karanta ilimin sinadarai, ya yi likitanci a Jami'ar Mishigan, ya ƙware a ido, sannan ya zauna a Petoskey, wani ɗan gari a bakin tafki mai mutane kimanin 6,000, inda ya shafe rayuwarsa yana cire wa tsofaffi yanar ido, yana kiwon zuma a bayan gida. Ka riƙe wannan hoton. Mutumin da ya fi kowa tasiri a siyasar shige da ficen Amurka a zamaninsa bai taɓa riƙe wani babban muƙamin gwamnati ba, kuma garin da yake zaune yana can ƙuryar arewa, tazarar kilomita dubbai daga iyakar Meziko.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne ƙofar da ya shigo ta. Ba daga cikin masu ra'ayin riƙau ya fito ba. Mai son daji da tsuntsaye ne. Shi da matarsa Mary Lou suka buɗe reshen ƙungiyar tsarin iyali ta Planned Parenthood a yankinsu, ya shiga ƙungiyar kare muhalli ta Sierra Club har ya jagoranci kwamitinta na yawan jama'a, ya kuma sa hannu wajen kafa wata ƙungiya mai sayen filaye a bakin tafki don kada a gine su. A ƙarshen shekarun 1960 tsoron yawan jama'a ya kama 'yan bokon Amurka, ana ta hasashen yunwa za ta cinye duniya saboda haihuwa. Tanton ya sha wannan ruwan ya ƙoshi. Daga 1975 zuwa 1977 shi ne shugaban Zero Population Growth, ƙungiyar da sunanta ma ke nufin a tsayar da ƙaruwar jama'a cak.

To a nan lissafi ya juya masa. Tun farkon shekarun 1970 haihuwar Amurkawa ta yi ƙasa, ta kasa kai abin da zai maye gurbin iyaye. Amma jama'a ba su daina ƙaruwa ba, kuma baƙi na cikin dalilan. A 1965 an soke tsohon tsarin 1924 wanda ya raba gurabun shiga bisa asalin ƙasa, ya fifita mutanen arewacin Turai, ya kusan rufe wa Asiya ƙofa gaba ɗaya. Sabuwar dokar ta ba dangantaka muhimmanci, wato wanda ya zama ɗan ƙasa yana iya ɗauko iyayensa da 'yan uwansa. Sai masu shigowa suka koma mutanen Latin Amurka da Asiya, daga baya da Afirka. Tanton ya ce wa abokan tafiyarsa, in da gaske muke yi kan yawan jama'a, dole mu taɓa shige da fice. Suka noƙe, don sun san inda maganar za ta iya kai su. Shi kuwa ya fita ya kafa tasa.

Yadda ya raba aiki

A 1979 aka buɗe FAIR a Washinton, ƙungiyar neman gyara dokar shige da fice, a aikace kuwa neman rage yawan masu shigowa, na halal da na haure duka. A ganina nan ne basirar mutumin take, ko kana sonsa ko ba ka so. Ya gane cewa ƙungiya ɗaya murya ɗaya ce, kuma in aka shafa mata baƙin fenti shi ke nan. Sai ya riƙa haƙa rijiyoyi da yawa a kan jijiyar ruwa ɗaya. A 1985 aka ɓalle CIS daga jikin FAIR, ta zama cibiyar bincike mai fitar da rahotanni da alƙaluma, wadda ake gayyata majalisa ta ba da bahasi. Aka yi reshen lauyoyi masu rubuta daftarin doka da shigar da ƙara. A 1990 ya buɗe maɗaba'a da mujalla. A 1996 wani tsohon ɗan jarida, Roy Beck, ya kafa NumbersUSA a ƙarƙashin inuwar Tanton, aikinta tara talakawa masu kiran 'yan majalisa a waya. Beck ne mai wani sanannen bidiyo inda yake zuba ƙwallayen cingam a cikin kwalabe, kowace ƙwallo mutum miliyan ɗaya, don ya nuna cewa ko nawa Amurka ta karɓa ba za ta rage talaucin duniya ba. Yaro ma zai gane saƙon, shi ya sa ya yaɗu.

Saboda haka ɗan jarida zai buga wa wuri uku waya ya ji magana iri ɗaya, ya rubuta cewa masana da lauyoyi da jama'ar gari sun yi ittifaƙi, alhali tsintsiya ce maɗaurinta ɗaya. Kuɗi kuma akwai. Babbar mai ɗaukar nauyinsu ita ce Cordelia Scaife May, magajiyar dukiyar gidan Mellon, hamshaƙan attajiran Amurka, wadda ita ma ta ƙofar tsarin iyali da son tsuntsaye ta shigo. Bayan rasuwarta a 2005 gidauniyar da ta bari ta ci gaba, kuma jaridar New York Times ta ƙiyasta a 2019 cewa abin da ta zuba wa waɗannan ƙungiyoyi ya kai dala miliyan 180.

Ba nan take suka ci nasara ba. A 1986 Reagan ya sa hannu a dokar da ta halatta zaman mutane kusan miliyan 2.7, abin da FAIR ba ta so ba, kodayake ta samu hukuncin da take nema a kan masu ɗaukar baƙin haure aiki. Ƙarfinsu ya fito fili ne a 2007, lokacin da shugaba George Bush ƙarami ya goyi bayan wani babban gyara mai ɗauke da hanyar halatta miliyoyin mutane. Magoya bayan NumbersUSA suka yi wa majalisar dattawa ruwan saƙonni da kiran waya, ƙudurin ya mutu. A 2010 dokar Arizona mai ba 'yan sanda damar tambayar takardun zama, da hannun Kris Kobach aka rubuta ta, lauyan da a lokacin yake aiki da reshen shari'a na FAIR. A mulkin Trump na farko kuwa tsohuwar daraktar FAIR, Julie Kirchner, ta samu muƙami a ma'aikatar tsaron cikin gida. Shekara 38 ke nan daga ranar da aka buɗe ƙungiyar zuwa ranar da mutanenta suka zauna a kujerun da suke yi wa kamun ƙafa.

Inda harshe ya shigo

A farkon shekarun 1980 maganar rage baƙi ba ta da kasuwa sosai. Amurkawa suna alfahari da cewa ƙasarsu ta baƙi ce, kowa yana da kakan da ya sauko daga jirgin ruwa. Amma akwai wani abu da yake sosa wa mutane rai, shi ne Sifaniyanci. Tun 1968 aka yi dokar koyar da yara da harsuna biyu. A 1974 kotun ƙoli ta yanke cewa makarantun San Francisco sun tauye haƙƙin yara 'yan asalin Sin da suka zuba a aji ba tare da taimakon harshe ba. A 1975 aka wajabta buga takardun zaɓe da wasu harsuna a yankunan da masu jin su ke da yawa. Sannan a 1980, shekarar da 'yan Kyuba kimanin 125,000 suka tsallako ta ruwa, masu zaɓe a gundumar da Miami take suka kaɗa ƙuri'ar hana hukuma kashe kuɗi a kan wani harshe ban da Ingilishi. Tanton ya ga wuta ta kama da kanta, itace kawai take nema.

Ya samu abokin tafiyar da ya fi dacewa. S. I. Hayakawa masanin harshe ne, ɗan asalin Japan da aka haifa a Kanada, ya yi sanatan Kalifoniya daga 1977 zuwa 1983, kuma a 1981 ya kai ƙudurin sa Ingilishi a tsarin mulki, bai wuce ba. A 1983 su biyun suka kafa U.S. English. Wa zai kalli Hayakawa ya ce masa mai fifita farar fata? Suka jawo manyan sunaye cikin masu ba su shawara, har da Walter Cronkite, mai karanta labarai a talabijin da Amurkawa suka amince da shi kamar uba. Suka naɗa Linda Chavez, 'yar asalin masu jin Sifaniyanci wadda ta yi aiki a fadar Reagan, ta zama shugaba. Da tarayya ta gagara, sai suka bi jihohi ɗaya bayan ɗaya. A 1986 Kalifoniya ta amince da kusan kashi 73 cikin 100. A 1988 aka nufi Filorida da Kolorado da Arizona.

Hujjarsu mai sauƙin haɗiya ce: ƙasa mai mutane daga ko'ina tana buƙatar harshe ɗaya da zai haɗa ta, kuma baƙon da aka riƙa yi wa komai da harshensa an cuce shi, don ba zai taɓa fita daga ƙaramin aiki ba. Suna yawan kawo misalin rigimar Faransanci da Ingilishi a Quebec ta Kanada. Ba zan ɓoye maka ba, akwai ƙamshin gaskiya a rabin maganar, zan dawo kanta.

Takardar da ta tona asiri

Tanton yana da wani zama na sirri da yake kira WITAN, sunan majalisar dattawan tsohuwar Ingila, inda yake tara na kusa da shi su yi shawara. A watan Oktoba na 1986 ya rubuta musu takarda mai jerin tambayoyi. A 1988, ana tsakiyar yaƙin ƙuri'ar Arizona, jaridar Arizona Republic ta samo ta ta buga.

Babu maganar tsuntsaye ko ruwan sha a wuraren da suka tayar da ƙura. Tambaya yake yi ko mutanen Latin Amurka za su shigo da al'adar cin hanci, ko yaransu suna ɗaukar karatu kamar na Asiya, da abin da yawan 'yan Katolika zai yi wa ƙasar. Ya yi wani barkwanci mara daɗi a kan yawan haihuwarsu, wai masu wando a ɗaure ne za su sha kaye a hannun masu wando a kwance. Ya kuma tambaya, idan Turawa suka ga mulki yana zame musu, za su yi shiru su wuce ne ko za a yi fashewa. Linda Chavez ta ajiye aiki, ta ce takardar cin mutuncin masu jin Sifaniyanci da 'yan Katolika ce. Cronkite ya janye sunansa. Tanton ma ya sauka daga U.S. English, yana cewa an yi masa mummunar fassara, tambayoyi ne kawai na tattaunawa. A wannan tsakanin aka kuma gano cewa FAIR tana karɓar kuɗi daga Pioneer Fund, gidauniyar da aka kafa tun 1937 don tallafa wa aƙidar tace iri, wato ra'ayin cewa wasu jinsunan mutane sun fi wasu kyawun jini. Abin da ta ba FAIR daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa 1994 ya haura dala miliyan ɗaya.

Duk da haka ƙuri'ar Arizona ta wuce da ƙyar, sai a 1998 kotun ƙolin jihar ta rushe ta, don ta hana ma'aikacin gwamnati yi wa ɗan ƙasa magana da harshen da yake ji. Tanton kuwa bai koma gida ya naɗe hannu ba. A 1994 ya sa hannu aka kafa wata ƙungiyar harshen, wadda yau ake kira ProEnglish.

Da hannunsa ya kai wa ɗakin adana tarihi na Jami'ar Mishigan akwatunan wasiƙunsa, kuma a cikinsu aka samu abin da ya fi takardar 1986 nauyi. A 1993 ya rubuta wa masanin muhalli Garrett Hardin cewa ya kai ga ra'ayin al'umma da al'adar Amurkawa 'yan asalin Turai ba za su ɗore ba sai sun kasance su ne mafiya rinjaye, rinjaye bayyananne. Wasiƙun sun nuna yana mu'amala da masu aƙidar fifikon farar fata, yana kuma sha'awar aƙidar tace iri. A 2007 wata cibiyar lauyoyin kare haƙƙi da ke Alabama, SPLC, ta sa FAIR a jerin ƙungiyoyin ƙiyayya. FAIR ta yi watsi da wannan, tana cewa ba ta yarda da bambanta baƙi ta launi ko addini ba. A 2011, bayan wani dogon rahoto na New York Times, wanda a cikinsa Chavez ta kira shi mutumin da ya fi kowa tasiri a Amurka cikin waɗanda ba a sani ba, Tanton ya bar kwamitin gudanarwar FAIR. Ciwon karkarwar jiki ya riga ya kama shi, da shi ya rasu yana da shekara 85.

Abin da nake gani a wurin aiki

Wata rana da daddare aka kira ni a waya daga ɗakin gaggawa na wani asibiti a unguwar Bronx ta birnin New York. Wata dattijuwa ce daga zangon Kumasi, ta zo wa 'yarta wankan jego. Kafin a same ni, jikarta mai shekara 12 ce ke fassara. Tsohuwa tana ta cewa mararta ke ciwo, fitsari yana yi mata zafi. Yarinya a nan aka haife ta, ba ta san kalmar mara ba, kuma ta ji nauyin maganar fitsari a gaban likita namiji, sai ta ce masa kaka cikinta ke ciwo. An fara bin hanyar ciwon ciki. Da na shigo layi na gaishe ta, na ce Hajiya ina ne daidai wurin, sai ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Alhamdu lillahi, ɗan nan, ga mai jin magana." Cikin minti biyar likita ya canza gwajin da zai yi.

Abu biyu nake so ka gani a nan. Na farko, wannan dattijuwa ba za ta koyi Ingilishi don an rubuta shi a doka ba. Shekararta ta haura 60, wata uku za ta yi ta koma. Dokar harshen hukuma ba ta koya wa kowa harshe, iyakarta ta rage ko ta ƙara abin da hukuma za ta yi wa wanda bai iya ba. Na biyu, dubi jikar. Tsoron da aka gina U.S. English a kai shi ne baƙi za su ƙi Ingilishi. Ni abin da nake gani kullum akasin haka ne. Iyaye suna kuka yaransu ba sa jin Hausa, ana yi musu magana da ita suna amsawa da Ingilishi, jikoki kuwa sai gaisuwa. Masu nazarin harsuna sun daɗe da ganin haka a wajen Jamusawa da Italiyawa da 'yan Meziko: zuwa jikoki harshen gida ya kusan tafiya. Ingilishi a Amurka bai taɓa shiga haɗari ba. Harsunanmu ne ke mutuwa a cikin gidajenmu.

Amma ga rabin gaskiyar da na ce zan dawo kanta. Na fassara wa magidanta da suka shekara 20 a nan, suna tuƙin tasi ko aikin sito, ba sa iya karanta takardar hayar gidansu. Na ga wanda ya sa hannu a bashin mota bai san kuɗin ruwan da ke ciki ba. Irin waɗannan ina gama aiki nake ce musu, Alhaji, don Allah a shiga ajin dare. A nan su Hayakawa suna da gaskiya, rashin harshe kurkuku ne. Inda muka rabu shi ne magani. In burin a koyi Ingilishi ne, sai a ƙara azuzuwa da malamai, tunda a unguwanninmu layi ake bi kafin a samu gurbi. Kuma tun 1906 doka ta ce mai neman zama ɗan ƙasa sai ya iya magana da Ingilishi, ban da sassaucin da aka yi wa tsofaffin da suka daɗe daga baya. Wannan sharaɗin yana nan tun kafin a haifi Tanton.

Umarnin 2025 ya soke wani na Clinton na shekarar 2000 wanda ya sa ma'aikatun tarayya da masu karɓar kuɗinsu su tanadi taimakon harshe. Bai haramta fassara ba, ya bar wa shugabannin ma'aikatu zaɓi. Dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 tana nan, haka dokar 1978 ta tafintocin kotunan tarayya. Inda 'yan uwanmu suka fi jin canji a jikinsu shi ne tuƙin manyan motoci: wani umarni na Afrilun 2025 ya dawo da tsananta sharaɗin Ingilishi, ta yadda jami'i zai iya sauke direba daga hanya in ya kasa amsa tambaya ko karanta allon titi. Wanda abin ya shafa kai tsaye ya nemi lauya, kada ya tsaya a maganar tafinta.

Nijar, da hukuncin da ka nema

Kamar da ka gani tsakanin abin da aka yi a Yamai da na Washinton ta suna ce kawai. Kundin da aka fitar a ƙarshen Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci na aiki. Wato an ɗaga harshen da mafi yawan jama'a ke ji a kan na wanda ya yi mulkin mallaka. A Amurka kuwa harshen da ya riga ya mallaki kotu da kasuwa da makaranta aka ƙara wa hatimi. Sai dai tambayar da nake yi wa Amurkawa ita zan yi maka: ranar da tsohuwa Bazabarma ko Batubuwa ta je asibiti ko gaban alƙali ba ta jin Hausa, wa zai tsaya mata? A nan ake gane ko dokar harshe ta haɗa mutane ce ko ta tankaɗe su. Mu kuma Hausawa mun ɗanɗana korar baƙi ta fuska biyu. A 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Ghana, mutanen zango da yawa suka kwashi kaya. A 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin haka a Najeriya.

Game da ko mai kishi ne ko mai wariya, ni dai ga inda na tsaya. Neman a rage yawan baƙi ba shi kaɗai ke mai da mutum mai wariya ba. Barbara Jordan, baƙar fata kuma gwarzuwar kare haƙƙi daga Texas, ta jagoranci wani kwamitin tarayya a shekarun 1990 wanda ya ba da shawarar a rage masu shigowa ta halal. Kowace ƙasa tana da ikon cewa mutum nawa za ta ɗauka, kuma akwai mutane da dama a ƙungiyoyin nan da albashin leburori ko cunkoso ne ya dame su da gaske. Amma Tanton ya fara da tambayar mutum nawa, ya ƙare a tambayar waɗanne irin mutane, kuma ba maƙiyansa suka laƙa masa wannan ba, da alƙalaminsa ya rubuta. Ka ce ƙin baƙar fata. Gaskiya ba mu ne a gabansa ba, masu jin Sifaniyanci ne suka hana shi barci. Sai dai wanda ya ce dole 'yan asalin Turai su kasance mafiya rinjaye ya riga ya faɗi inda ya ajiye ni da kai, ko bai ambace mu ba. Ƙungiyoyin da ya bari suna cikin masu neman a soke cacar bizar nan da 'yan Nijar da Ghana suka saba cikewa, wadda aka cire Najeriya daga cikinta tun zagayen 2015 saboda yawan 'yan ƙasar da suka riga suka shiga.

Akwatunan da ya kai jami'a ba duka aka buɗe a lokacin ba. Ya sa sharaɗin a rufe wani kaso har zuwa 2035, abin da ya sa wani lauyan shige da fice, Hassan Ahmad, ya maka jami'ar a kotu yana neman a bari jama'a su karanta. Hukuncin da na ba ka a kan kason da aka daɗe da buɗewa na gina shi. In ka samu dama ka nemi takardar 1986 ɗin a intanet ka karanta da kanka, ba ta da tsawo, Ingilishinta kuma ba mai wuya ba ne. Ka gaida malamin naku.